Sanda Ɗaya Tilo: Zaɓen Sandar Betkasta Don Kamun Kifin Bas

Duk wanda ya taɓa shiga babban kantin kayan kamun kifi a Amurka ya san irin ruɗanin da ke jiran mai sayen sanda a karon farko. Ga su nan a jere kamar karan dawa bayan girbi, ɗaruruwa, kusan dukkansu baƙaƙe, kuma a ido babu abin da ya raba ta dala 50 da ta dala 500 in ban da takardar farashi. Masu gasar kamun bas, wani kifin tafki da kogi da ake yawan kamawa a Amurka, da ake nunawa a talabijin sukan shimfiɗa sanduna goma ko fiye a gaban jirginsu, kowace an ɗaura mata ƙoton da ya dace da ita, ta yadda idan kifi ya ƙi wannan sai a ajiye a ɗauki waccan. Gasar kuɗi da Ray Scott ya faro a 1967 a tafkin Beaver na jihar Arkansas, wadda ta haifar da ƙungiyar B.A.S.S. a 1968, ita ce ta yaɗa wannan ɗabi'a, kamfanoni kuma suka ci moriyarta, suka raba sanduna gida-gida har kowane ƙoto ya sami tasa. Amma mai aikin albashi da ke leƙa bakin tafki ranar Asabar da sassafe ba shi da kuɗin sanduna goma, ba shi kuma da hannun ɗaukarsu. Sanda ɗaya yake nema, irin wadda ake ɗora wa manaɗin zare da ake kira betkasta, wadda za ta ɗauke masa mafi yawan aikin, kuma da shi nake magana a nan.

Kafin a taɓa sanda, ya kamata a san halin kifin da za a yi wa ita. Bas mai babban baki maharbi ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a cikin ciyawar ruwa, ko ƙarƙashin ganyen bado, ko gindin kututturen da ruwa ya cinye, yana jiran abin da zai gifta. Ba ya cizon abinci yadda muka saba gani, zuƙe shi yake yi, ya buɗe baki ruwa ya shiga da abin, idan kuma ya ji roba ce sai ya tofar cikin ƙiftawar ido. Da zarar ƙugiya ta kama shi, ko dai ya nufi cikin sarƙaƙiya da gudu, ko ya yi tsalle sama da ruwa yana kaɗa kai domin ya cillar da ita. Saboda haka abubuwa uku ake nema daga sanda: ta sanar da hannu cewa kifi ya ɗauka, ta sami ƙarfin soka ƙugiya a baki mai tauri, sannan ta riƙe shi har ya zo hannu. Matsalar ita ce abin da ke ƙara ɗaya daga cikin ukun yakan rage wani. Girman kifin kansa ba shi ne abin damuwa ba. Mafi girman da aka amince da shi a tarihi shi ne wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai laba 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yar ɗoriya, wanda Manabu Kurita ya yi kunnen doki da shi a tafkin Biwa na Japan a 2009, amma abin da yawancinmu muke fitarwa bai wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi ba. Ƙarfin sanda ana sayensa ne saboda ƙoto da ciyawa, ba saboda nauyin kifi ba.

Shi kuma manaɗin zare na betkasta yana da nasa sharaɗi. Yana zama ne a saman sanda, kuma a lokacin jifa ƙwarƙwaron da zare yake kai shi ne ke juyawa da kansa, nauyin ƙoto ne ke jansa, babban yatsa kuma shi ne birki. Idan ƙoto ya rage gudu a iska alhali ƙwarƙwaro yana ci gaba da juyawa, sai zare ya cukurkuɗe ya zama abin da masunta a can suke kira sheƙar tsuntsu, wanda wani lokaci sai da almakashi ake rabuwa da shi. Mutane da yawa suna ɗora laifin wannan a kan manaɗi, alhali sau da yawa sanda ce ta yi wa ƙoton tauri, ba ta lanƙwasa ta harba shi a hankali ba, sai mai jifa ya rama da ƙarfin dantse, ƙwarƙwaro ya zabura. Sandar betkasta ana gane ta da ƙananan zobba da ke kallon sama da kuma ɗan ƙaho a ƙarƙashin mazaunin manaɗi mai kama da kunamar bindiga, inda yatsa ke maƙalewa. Wadda ba ta da wannan ƙaho, mai manyan zobba, ta wani nau'in manaɗi ce daban, kuma ba a musanya su.

A jikin kowace sanda, dab da mariƙi, akwai rubutu ɗan ƙarami, misali 7'0" MH F, sai ƙarfin zare laba 10 zuwa 20, sai nauyin ƙoto oza 3/8 zuwa 1. Na farko tsayi ne a ƙafa da inci. Haruffan tsakiya ƙarfi ne, wato yawan nauyin da ake bukata kafin sanda ta lanƙwasa: M matsakaiciya, MH ta ɗara matsakaiciya, H mai ƙarfi. Harafin ƙarshe kuma yana nuna inda lanƙwasar take faruwa, kuma a nan ne masu saye suka fi rikicewa, domin suna ɗauka abu ɗaya ne da ƙarfi. Sanda mai F tana lanƙwasa ne a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na samanta, sauran jikin ya tsaya ƙyam. Mai XF kusan bakinta kaɗai ke motsi. Mai Mod kuwa tana rusunawa har tsakiya kamar reshen gora ɗanye. Ana iya samun sanda mai ƙarfin gaske da ke lanƙwasa har tsakiya, ana kuma iya samun siririya marar ƙarfi da bakinta kawai ke motsi.

Abin da ya raba gardama a ganina shi ne irin ƙugiyar da ke jikin ƙoton da mutum ya fi jefawa, domin ƙoton bas gida biyu ne. Gida na farko shi ne mai ƙugiya ɗaya kakkaura: tanar roba da aka yi wa ɗaurin Teksas, inda ake ɓoye tsinin ƙugiya a cikin robar domin kada ya kama ciyawa, jig, wato dunƙulen dalma mai gemun roba, sifinabet mai faranti biyu masu walƙiya, da kwaɗon roba da ake ja a kan bado. Waɗannan duka sai an fizga da ƙarfi kafin tsinin ya huda roba ya shiga muƙamuƙi, don haka suna son sanda mai ƙashin baya da saurin amsawa. Gida na biyu shi ne ƙoto mai ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku da ke reto a ciki da wutsiya, irin su kirankbet mai nutso da ɗan kifin roba mai yawo a saman ruwa. Waɗannan da kansu suke kamawa, amma kamun ba ya nisa, sau da yawa a fatar leɓe kawai yake, kuma sanda mai tauri ko dai ta fizge ƙoton daga bakin kifi kafin ya gama zuƙa, ko ta yage fatar idan ya kaɗa kai. Suna son sanda mai haƙuri da ke rusunawa ta bi kifi. Babu sandar da ta ƙware a gidajen biyu, kuma duk wadda aka ce tana yin komai, ta zaɓi gida ɗaya ne ta zauna, tana kai wa ɗayan ziyara.

Idan aka tace ɗaruruwan nan na kanti, 'yan takara uku ne suke saura. Ta farko ita ce matsakaiciya, M F, mai tsayin ƙafa 6 da inci 8 zuwa ƙafa 7, wadda galibi aka rubuta mata oza 1/4 zuwa 5/8, wato giram 7 zuwa kusan 18. Ta biyu ita ce MH F mai ƙafa 7 zuwa 7 da inci 3, mai ɗaukar oza 1/4 ko 3/8 har zuwa 1, wato kusan giram 28. Ta uku ita ce H mai ƙafa 7 da inci 3 zuwa 7 da rabi, wadda ke farawa daga kusan rabin oza ta haura oza ɗaya da rabi.

Ta ukun ba za ta ɗauke mu lokaci ba, duk da cewa ita ce ta fi jan idon sabon shiga. Asalinta salon da wani ɗan gasar kamun bas, Dee Thomas, ya fito da shi daga ruwayen Kalifoniya a shekarun 1970, inda ake matsawa kusa da ciyawa a saka ƙoto a rami da lilo maimakon jifa, kuma kamfanin Fenwick ya ƙera masa sanda mai ƙafa 7 da rabi domin wannan aiki. A tafkin Okeechobee na Fulorida ko Guntersville na Alabama, inda ciyawa ke shimfiɗe a kan ruwa kamar tabarma kuma ake huda ta da dalma mai oza ɗaya da rabi, babu abin da ya kai ta. In ba a irin wannan wuri ba, nauyi ce kawai. Ita na fara saye a shekarata ta farko a Teksas, bisa tunanin cewa mai ƙarfi ba ta karyewa kuma za ta iya da kowane kifi. Na ɗaura mata tanar roba da 'yar dalma mai oza 3/16, na tsaya a gaɓar wani ƙaramin tafki, na yi jifa uku, na ukun ya bar ni zaune a kan dutse kusan rabin awa ina tsintar zare da farce, rana tana dukan ƙeyata, wani dattijo a gefe yana fitar da kifi ɗaya bayan ɗaya da sandar da ba ta kai rabin kaurin tawa ba. Ba manaɗin ne ya gaza ba. Ƙoton bai kai nauyin da zai motsa bakin sandar ba, tamkar a ce mutum ya harba tsakuwa da taɓarya.

Gardamar gaske tana tsakanin M da MH, kuma a nan ya kamata a zauna. Matsakaiciya tana da daɗin jifa, musamman ga mai koyo, domin bakinta yana ɗaukar nauyi da wuri, ƙoto mai giram 7 zuwa 10 yana tafiya ba tare da an yi kokawa ba, sheƙar tsuntsu kuma tana raguwa. Da ƙoto mai ƙugiya uku tana yin abin kirki, tana kuma sa kifi mai rabin kilo ya zama abin jin daɗi a hannu. A ruwa mai haske marar ciyawa, mai duwatsu a ƙasa, irin tafkunan arewacin Amurka inda bas mai ƙaramin baki ya fi yawa, mutum zai iya shekara da ita bai ji ya rasa komai ba. Rauninta yana bayyana ne a ranar da aka jefa jig mai rabin oza nesa, kifi ya ɗauka a zurfin ƙafa goma sha biyar, aka fizga, sai sandar ta lanƙwashe ta shanye ƙarfin fizgar kafin ya isa ƙugiya. Kifin zai biyo kamar an kama shi, ya zo kusa, ya buɗe baki kawai ƙoton ya fito, domin tun farko tsinin bai huda ba. Haka nan idan kifi mai kilo biyu ya ɗauka a bakin ciyawa ya juya zai koma ciki, akwai daƙiƙa ɗaya ko biyu da ake da su domin juyo da kansa, kuma matsakaiciya ba ta da abin da za ta yi wannan gardama da shi.

MH tana gyara waɗannan biyun, kuma tazarar nauyin da take ɗauka ta faɗo daidai kan ƙoton da aka fi amfani da shi. Jig mai oza 3/8 ko 1/2, sifinabet mai irin wannan nauyi, tanar roba da dalma mai oza 1/4, ƙaramin kifin roba mai wutsiya, har kwaɗo idan badon bai yi kauri ba, dukkansu suna tsakanin giram 10 da 25. A tuna kuma cewa nauyin da aka rubuta a kwalin ƙoto sau da yawa na dalmar ce kaɗai, idan aka haɗa da ƙugiya da gemu da robar da ake maƙalawa a baya, jig mai rabin oza yakan kusanci oza 3/4, wanda ya riga ya wuce iyakar matsakaiciya. Inda MH take gazawa shi ne ƙasa da giram 7, da kuma ƙoto mai ƙugiya uku. Sai dai gazawar biyu ba ɗaya ba ce da ta matsakaiciya, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa na fifita ta. Taurin sanda ana iya sassauta shi daga waje: a sa zaren nailan mai miƙewa, a sassauta birkin manaɗi yadda kifi zai iya jan zare idan ya zabura, a kuma daina fizga, a ja sandar gefe kawai a ci gaba da naɗi. Rashin ƙashin baya kuwa babu abin da za a ɗaura wa sanda ya ba ta shi, in ban da zare mai kitso wanda ba ya miƙewa, shi ma rabin magani ne. Ƙoton da bai kai giram 7 ba kuma dama ba aikin betkasta na yau da kullum ba ne, don haka ba a rasa abu mai yawa ba.

Ko a cikin MH ɗin akwai zaɓi, kuma a nan ne nake rabuwa da masu son XF. Mai XF tana da daɗin ji a hannu idan ana jan jig a ƙasa, tana isar da fizga nan take, amma ta ƙara nisa da gidan ƙugiya uku, tana kuma hukunta mai koyo a wurin jifa. Wanda zai riƙe sanda ɗaya, F ta fi masa, kuma idan ya sami wadda aka rubuta wa Mod-F, wato tsakanin biyun, ya duba ta da kyau, musamman idan ƙoton da ake jefawa a naɗo, irin su sifinabet da kirankbet marar zurfi, ya fi yawa a akwatinsa. Abin da ake nema shi ne sanda mai taushin baki na kamar taƙi ɗaya da rabi, sannan ƙarfi ya karɓa a hankali, ba kwatsam ba.

Sai dai kada a amince da haruffa ido rufe, domin babu wata hukuma da ta tsayar da ma'anar MH, kowane kamfani da mudunsa. Dobyns suna amfani da lambobi, inda 703C ke nufin ƙafa 7 da ƙarfi na uku, 734C kuma ƙafa 7 da inci 3 da ƙarfi na huɗu, kuma duk da cewa ta biyun an rubuta mata H, nauyin ƙoton da aka ba ta oza 1/4 zuwa 1 ne, wanda ya sa masunta da dama suke riƙe ta a matsayin sandar komai da ruwanka. G. Loomis, kamfanin jihar Washington da Shimano ya saya a 1997, yana ƙirga tsayi da inci, don haka 843C tasu inci 84 ce, wato ƙafa 7, da ƙarfi na uku. Sandunan St. Croix na jihar Wisconsin an san su da ɗan tauri fiye da harafin da ke jikinsu, har wasu kan ɗauki M tasu a maimakon MH ta wani. Darasin shi ne a karanta nauyin ƙoto da ƙarfin zare, su suka fi harafi gaskiya. Idan layin ya ce oza 1/4 zuwa 1, ko 3/8 zuwa 1, da zare laba 10 zuwa 20, an zo gidan, ko me aka kira ta.

Tsayi kuma wurin tsayuwar mutum ne ke yanke shi. Doguwar sanda tana ƙara nisan jifa, tana kwashe zare mai yawa a fizga ɗaya, tana kuma ba da iko a kan kifi daga nesa, shi ya sa sanduna suka yi ta ƙara tsayi, har B.A.S.S. ta ɗaga iyakar gasarta daga ƙafa 8 zuwa 10 a 2017. Gajeriya ta fi saiti, ta fi kuma sauƙin sarrafawa idan ana kaɗa ƙoto da bakin sanda yana kallon ruwa. Mai tsayawa a kan jirgi a buɗaɗɗen tafki kamar Sam Rayburn ko Fork na Teksas zai ji daɗin ƙafa 7 da inci 3, wato kusan mita 2.2. Mai bin gaɓa a ƙafa, wanda rassan itatuwa ke bayansa da samansa, ƙafa 7 ko 6 da inci 10 sun fi masa, domin inci uku ɗin nan su ne ke kama reshe a daidai lokacin jifa, kuma babu abin da ke haifar da sheƙar tsuntsu kamar ƙoton da ya tsaya cak alhali ƙwarƙwaro yana gudu. Mai zama a kwalekwalen mutum ɗaya ya fi kula da tsayin mariƙi fiye da na sanda, domin dogon mariƙi yana tokare ciki da rigar ceto. Mutum gajere ma ya rage, kada bakin sanda ya riƙa dukan ruwa.

Batun abin da aka ƙera sandar da shi gajere ne. Tun da Fenwick ta fitar da sandar girafait, wato ta zaren kabon, a 1973, girafait ya mamaye kasuwa saboda rashin nauyi da isar da motsi zuwa hannu. Zaren gilashi ya fi nauyi, ya fi jure wahala, yana rusunawa a hankali, kuma har yau shi masu kirankbet suke so, amma a hannu kurma ne, ba zai gaya wa mutum kifi ya zuƙi tana ba. Sandar komai da ruwanka girafait ce. Lambobin da ake talla da su, tan 24, tan 30, tan 40, ko IM6 da IM8, suna nuni ne da taurin zaren kabon, wanda idan ya ƙaru sanda takan yi sauƙi ta ƙara ji, ta kuma ƙara saurin karyewa idan ta bugu. Ba a kwatanta su tsakanin kamfani da kamfani, domin gam ɗin da aka haɗa zaren da yadda aka naɗe shi suna da tasiri daidai da lambar.

Farashi hawa uku ne. A ƙasa da dala 70 ana samun sanduna masu ƙarko, irin su Ugly Stik da ke kasuwa tun 1976, waɗanda yaro zai iya takawa su tashi lafiya, amma suna da nauyi kuma jinsu kaɗan ne, sun fi dacewa da ƙoton da ake naɗowa inda kifi ke kama kansa. Tsakanin dala 100 da 180 nan ne kuɗi ya fi yin aiki, kuma nan ne aka saba samun Shimano SLX, da Daiwa Tatula, da Dobyns Fury, da St. Croix Mojo Bass, da Abu Garcia Veritas. Tazarar da ke tsakanin hawa na farko da na biyu kowa zai ji ta a jifan farko. Daga dala 300 zuwa sama akwai bambanci na gaske, sandar takan yi sauƙi har a manta da ita a hannu, tana kuma rarrabe dutse da laka da ciyawa, amma ƙarin da ake samu bai kai ƙarin kuɗin ba, kuma sanda ɗaya tilo ita ce ke shan wahalar but ɗin mota da ƙofa da duwatsun gaɓa. Na fi son mutum ya tsaya a tsakiya, ya ajiye ragowar domin manaɗi mai kyau, mai saurin naɗi kusan 7 da 1, wato ƙwarƙwaro ya juya sau bakwai a juyin hannu ɗaya, da zare mai inganci. A tambayi sharuɗɗan garanti kafin a biya, domin sun bambanta ƙwarai, wasu shekara ɗaya, wasu biyar, wasu kuma suna musanya karyayya a kan kuɗi kaɗan.

Zobba da mariƙi ba su kai waɗannan muhimmanci ba, amma akwai abin lura. Zobban Fuji na Japan su ne ma'auni, kuma na matsakaicin farashi cikinsu sun isa kowane zare. Ƙananan zobba ƙwarai suna rage nauyi, sai dai ƙullin da ke haɗa zare mai kitso da guntun fulorokabon, wani zare mai wuyar gani a ruwa, yakan sarƙe a cikinsu, ga shi suna toshewa da gansakuka, don haka mai sanda ɗaya, wanda dole zai riƙa sauya zare, ya zaɓi matsakaita. Mariƙi na ɓawon itacen toshe kwalba ko na roba mai laushi irin ta silifa, wannan son rai ne.

A kanti, a je da manaɗin da za a yi amfani da shi a ɗaura, domin sandar da ta yi sauƙi ita kaɗai tana iya rinjaya gaba idan an haɗa, kuma rinjayen baki shi ke gajiyar da wuyan hannu bayan awa huɗu, ba jimillar nauyi ba. A ɗora ta a kan yatsa dab da gaban manaɗi a ga ko za ta daidaita. A dafa bakinta a kan silin ko kafet a hankali a kalli inda lanƙwasa ta tsaya. A leƙa ta cikin zobba daga gindi a tabbatar sun miƙe a layi ɗaya, a kuma shafa cikinsu da auduga, idan akwai tsagewa za ta kama. Kada a kama bakin sanda da hannu a tanƙwara shi ƙasa, domin haka ake karya girafait, kuma haka nawa ya karye a bakin ruwa ranar da na ɗaga sandar tsaye sak ina ƙoƙarin cicciɓo kifi zuwa gaɓa: inci shida na sama suka tafi da ƙara kamar an taka busasshen kara.

Saura batun sanda mai gaɓa ɗaya da mai haɗi. Mai gaɓa ɗaya ta fi yawa a wannan fanni kuma ta ɗan fi ji, amma ƙafa 7 ba ta shiga kowace mota sai an kwantar da kujera, jirgin sama kuma sai da bututu na musamman. Haɗin zamani ya yi kyau ƙwarai, kuma wanda ke da niyyar tafiya da sandarsa gida hutu, ya gwada ta a Tiga ko Kainji, ya nemi MH mai gaɓa uku ko huɗu da ke shiga akwati. Ƙananan giwan ruwa suna kai wa irin wannan ƙoto hari, tsage ma haka idan an sa guntun waya saboda haƙoransa, sai dai babban giwan ruwa, wanda kan wuce kilo 50, ba sa'an wannan sanda ba ne.

Ga mai bin gaɓa da mai jirgi a ruwa mai ciyawa da itace, zaɓina shi ne girafait MH F mai ƙafa 7 zuwa 7 da inci 1, oza 1/4 zuwa 1, a farashin tsakiya, da fulorokabon laba 15 idan jig da tana sun fi yawa, ko nailan laba 12 zuwa 14 idan ana yawan jefa ƙoton saman ruwa, tunda fulorokabon nutsewa yake yi yana jan hancin ƙoton ƙasa. Wanda ruwansa fari ne tas, marar sarƙaƙiya, kuma akwatinsa cike yake da ƙoto mai ƙugiya uku, shi ne kaɗai zan ce ya sauko zuwa M. Idan kuma shekara ta zagayo aka sami kuɗin ta biyu, ba H ba ce ke biye, sai fa ga mazaunin bakin tafki mai tabarmar ciyawa. Matsakaiciya mai rusunawa har tsakiya ce, wadda za a ɗaura wa kirankbet a bar ta da shi.